Zarami da Fararen Kwalabe

Zarami mai gyaran rediyo ne a kasuwar Diffa, a kan tebur yake aiki gab da inda nake sayar da tattasai. Hannunsa na da kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Aibinsa ɗaya ne: tunda na san shi bai taɓa cewa "ban sani ba".

Wata rana Alhaji Tahiru, ɗan kasuwa Badamagare, ya kawo masa tsohon amfili, wato na'urar ƙara sauti, da ya gada wajen mahaifinsa. Irin na da ne, mai aiki da kwalaben gilashi huɗu masu kama da ƙwan lantarki, kuma duk sun mutu. Alhaji na son amfilin ya yi magana ranar walimar saukar ƴarsa. Ya ce, "In ka tashe shi, ƙaramin shagon nan na gefen nawa ya zama naka, ka huta da rana."

Mutum ɗaya ke da irin kwalaben a garin, Yakaka. Mijinta marigayi ya yi gyaran kayan sinima a Maiduguri, da suka gudo kuma ta tsallako kogin Komadugu da gwangwanin kwalabensa a ka. Ta kawo su, sababbi da tsofaffi a gauraye, ta zazzage a zani.

Zarami ya ɗaga ɗaya a rana, ya ga kanta da baƙi-baƙi mai sheƙi kamar madubi. Ya ture ta gefe. "Wannan ta ƙone."

"Malam Zarami, wannan ko sau ɗaya ba a kunna ta ba," in ji Yakaka. "Da sheƙin nan ake ƙera su. Duba ƙafafunta, babu ƙarzuwa. Wadda ta yi aiki, sheƙin ya kan dushe, gefensa ya yi ja-ja."

"Iya, ko gilashin fitilar kananzir, wanda ya yi baƙi ai shi ya sha wuta." Ya tsinto huɗu masu farin kai tas kamar an shafa alli. "Ga sababbi."

"Iska ce ta shige su. Gawa ce ka ɗauka."

Na ce, "Zarami, ka ji ta mana. Shekara talatin tana riƙe wa mijinta kayan nan."

"Hajiya, ni na taɓa zaɓar miki tattasai?"

Bai ko gwada su ba, wai kada ya rage musu sabunta kafin ranar.

Ranar walima da hantsi mutane suka cika ƙofar gidan Alhaji, har daga Shatimari da Maine. Zarami ya zo da babbar riga, ya jona wuta. Shiru. Ya ce sai sun ɗumama. Muka jira har shinkafa ta huce. Liman ya yi ta hura makirfo, ba mai jinsa sai na kusa da gwiwarsa. Zarami ya ce wutar unguwar ce ba ƙarfi, alhali fanka na juyawa bisa kansa.

Alhaji ya sa aka kira Yakaka daga wajen mata. Ta zo da hannu duk mai, ta goge a zani, ta aika aka ɗauko gwangwaninta. Ta cire fararen, ta sa masu baƙin kai. Suka yi ja a hankali. Abu na farko da lasifika ta watsa wa unguwa muryar Zarami ce, yana raɗa wa liman: "Ai ni na koya mata."

Liman ya amsa, shi ma cikin lasifika: "Ka ji tsoron Allah, Zarami."

Washegari Alhaji ya miƙa wa Yakaka makullin shago.

Darasin a fili yake. Sanin fitila ba sanin amfili ba ne. In ka tarar da abin da ba ka taɓa riƙewa ba, kuma ga wanda ya san shi a gabanka, ka rufe baki ka saurara, ko da tsohuwa ce ƴar gudun hijira. Ka kuma gwada aikinka a ɓoye kafin jama'a su gwada maka shi a fili.