Fetur Zalla a Tankin Ƙanensa

An yi wani masunci, ya 'yan uwa, shi da ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya. Da mahaifinsu ya rasu, ya bar musu kwale-kwale biyu da wani tsohon injin jirgi da ya daɗe jingine a rumfar bayan gida. Tsatsa ta cinye shi, zanzaro ya yi ɗaki a murfinsa, igiyar tayarwa ta ruɓe.

Wan ya dube shi ya taɓe baki. "Wannan gawar? A kai wa masu sayen ƙarfe."

"Yaya, a bar mini in gwada," in ji ƙanen.

"Ɗauka. Har zanzaron na ba ka."

Ƙanen ya kai wa bakanike. Aka kwance shi, aka wanke da kananzir, aka sa sabon fulogi da sabuwar igiya. Kullum wan ya zo wucewa sai ya tsaya ya tambaya yaushe ne jana'izar. Wata safiya aka ja igiya, inji ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya ɗauka.

Daga ranar dariya ta ƙare. Ƙanen yana kaiwa can tsakiyar ruwa inda manyan kifaye suke, ya dawo tun rana ba ta yi zafi ba. Wan yana ta fama da tuƙin hannu da filafili a gefe-gefe. Kuma wallahi ƙanen bai yi masa rowa ba. Kullum sai ya aika masa da kifi, har ya ce su riƙa fita tare. Wan ya ƙi. In ya jiyo ƙarar injin daga nesa, sai zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Me aka ƙwace masa, jama'a? Ba da bakinsa ya ce a ɗauka ba? Ina! Hassada ba ruwanta da wannan.

Irin wannan injin ba ya shan fetur zalla. Sai an gauraya masa da baƙin mai, in ba haka ba ya yi zafi ya buga. Da hantsi wata rana, ƙanen ya tafi kasuwa da kifi. Wan ya sulale bakin ruwa, ya zubar da man da ke tankin, ya cika shi da fetur zalla. Wai shi dai ƙanen ya dawo filafili kamar kowa.

Da la'asar naƙuda ta kama matar wan. Ungozoma ta yi iya yinta, ta fito ta ce jini ya ɓalle, a kai ta asibiti. Asibitin kuwa a hayin ruwa yake. Ƙanen ya zo a guje. "Yaya, ɗauko ta! Tankina a cike yake."

To, ku saurara, nan ne wurin. Baƙin mai yana nan a rumfa. Abin da ya rage wa wan shi ne ya buɗe baki kawai ya ce a tsaya a zuba. Amma ga maƙwabta a tsaye, ga surukarsa, za a ce ta yaya ya sani? Ya ce a ransa, ƙila dai ya kai mu. Ya ɗauko ta suka shiga jirgi.

Suna tsakiyar ruwa ƙarar ta sauya, ƙauri ya tashi, inji ya tsaya cak. Igiya ta ƙi jawuwa. Suka ɗauki filafili, suna tuƙi kamar hannuwansu za su cire. Kafin su kai gaɓa matar ta cika, da abin da ke cikinta.

Ƙanen ya ɗora laifin a kansa. Kullum sai ya zo ya durƙusa yana hawaye: "Yaya, ka yafe mini. Ni na ɗora ta a kan tsohon inji." Wan ya kasa ci, ya kasa barci. Ran nan ƙanen ya sake durƙusawa, sai wan ya fashe da kuka a gaban mutane ya faɗi abin da ya yi. Ƙanen ya miƙe. Ya kwashe iyalinsa ya bar garin. Wan yana nan a raye, ba mata, ba ɗa, ba ɗan uwa, ba kuma mai yarda ya shiga jirgi da shi.

Ya 'yan uwa, mai hassada da rabon Allah yake faɗa, ba da ɗan uwansa ba. Kuma wanda ya ji kunyar mutane fiye da tsoron Allah, zunubi ɗaya zai ja shi zuwa wanda ya fi shi muni. In ka ga alheri a hannun ɗan uwanka ka ji ƙirjinka ya yi zafi, yi maza ka sa masa albarka. In ka riga ka yi ɓarna, faɗa tun da sauran gyara.

Allah ya wanke mana zukata, ya kiyaye mu da baƙin cikin arzikin 'yan uwanmu. Amin.