Hawainiya a Kujerar Raba Gardama

Ranar Talata, tara ga watan Rajab, da ƙarfe takwas da kwata na safe, Wanzam Barmo ya ɗora aska a kan Sarki Jatau na Garun Tsamiya, sai ya ji mugun labari. Sarki ya ce kafin azahar zai tuɓe rawanin Malam Gwadabe, mai sasanta rigingimun gari, ya kore shi daga ƙasar. Dalili kuwa, marina da mahauta sun yi shekara bakwai suna faɗa kan kwatar ruwan da ke tsakaninsu, Gwadabe ya yanke cewa kowa ya haƙa rabi. Ga Sarkin Marina da Sarkin Pawa can a ƙofar fada, kowa ya kawo ƙararsa.

Sarki ya ce, "Barmo, me za a kira wannan mutum? Alƙali dai yakan faranta wa ɗaya. Mai sulhu yakan faranta wa biyu. Shi ko duka ya ɓata wa rai. Zan naɗa wanda kowa zai yaba."

Barmo sun yi allo tare da Gwadabe, ya kuma san tsohon ba shi da inda zai nufa. Ya wasa aska a tafin hannu, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, kada ka motsa kai. Wani sarki ya taɓa yin wannan shawara, in ka yarda in ba ka labarinsa."

Sarki ya ce, "Wanda aska ke wuyansa ai ya yarda."

Barmo ya ce, an yi wani sarki a Birnin Ƙirya wanda ba ya son jin ƙorafi. Alƙalinsa ya yi hukunci, wanda aka kayar ya yi kuka, sarki ya ce laifin sunan ne, ya yi tsauri. Ya tuɓe shi, ya naɗa wani, ya kira shi Mai Shiga Tsakani. Wannan ya shiga tsakani, aka fasa masa baki. Aka naɗa Mai Raba Gardama, aka naɗa Mai Sasanci, kowane da sabon tambari. Daga ƙarshe aka sami wani mai suna Na-Kowa, aka kira shi Uban Sulhu. Shi ba ya cewa wane ne ke da gaskiya. Kowa ya zo sai ya riƙe hannunsa ya ce, "Wallahi an cuce ka." Gari ya ɗauki yabonsa.

Wata rana wata tsohuwa, Iya Tabawa, wadda maƙwabcinta ya yanke mata akuya, ta zo fada ta ce, "Ranka ya daɗe, Uban Sulhu ya ce an cuce ni. Ya kuma ce wa ɓarawon an cuce shi, don akuyar ba ta da kitse. Ka saurari abin da ya sami kwaɗi."

Sarki ya ce ta faɗa. Ta ce, "Kwaɗi da ƙadangaru suka yi jayayya kan wani dutse a bakin rafi, wa ya kamata ya sha hantsi a kai. Suka zaɓi Hawainiya ta raba su, don idonta ɗaya na kallon gabas, ɗaya na kallon yamma, suka ce wannan ba za ta yi son kai ba. In ta je cikin kwaɗi sai ta koma kore, su ce tamu ce. In ta hau dutse sai ta koma toka-toka, ƙadangaru su gyaɗa kai. Damina uku tana tafiya a hankali tsakaninsu, ba ta ce uffan ba. Kowane ɓangare ya tabbata shi ya yi nasara, suka taru kan dutsen rana guda don biki. Shirwa ta daɗe ba ta ƙoshi kamar ranar ba. Ranka ya daɗe, launinmu muke gani a jikin mutuminka, hukuncin ne ba mu gani ba."

Barmo ya goge askarsa, ya ce, "Sarkin Ƙirya bai ji ba, ya ƙara wa Na-Kowa alkyabba. Yau ko a garin kowa da kulkinsa yake kwana. Allah ya ba ka nasara, in mai raba faɗa ya dawo ba wanda ya zage shi, a bincika ko ya je wurin."

Sarki ya daɗe yana shafa kai. Can ya ce, "Na ji. Gwadabe ya riƙe rawaninsa, a kira shi duk abin da aka ga dama. Amma Barmo, in wata magana tawa ta taso, kada a kai masa."

Aka yi shela. Fadawan da suka ɗinka sababbin riguna don jiran naɗi suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Da aka kira azahar, waɗanda suka rage a ƙofar fada su ne: Barmo, yana wanke ƙahonsa, wani tsohon dogari kurma da bai san an tashi ba, sai Sarkin Marina da Sarkin Pawa, zaune kan tabarma guda, sun raba goro ɗaya, suna ta zagin Malam Gwadabe.