Miliyan Sittin Ɗin Jatau

Akwai wani ɗan kasuwar hatsi a Tsafe ana kiransa Jatau. Ba ya rasa na cefane, amma cika baki ya yi masa yawa.

Ya ji labarin wata kwangilar kai masara da ke buƙatar takardar shaidar biyan haraji, kuma wai mai babban ciniki ake ba wa. Sai ya tafi Tudun Wada a Gusau wurin Rahila, wadda ke cike wa 'yan kasuwa fom ɗin haraji.

Ta tattara cinikinsa na shekara, ta cire kuɗin mota da na 'yan dako da hayar shago. Abin da ya rage bai kai miliyan uku ba.

Jatau ya ɓata rai. "Wanga ai abin kunya ne. Rubuta miliyan sittin, kada ki cire komi."

"Malam, harajinka zai yi nauyi. Kuma takarda ba ta mantuwa."

"Ke dai rubuta."

Ta ƙi. Ya je wani wuri aka rubuta masa, ya sayar da buhunan da ya ajiye ya biya. Kwangilar kuwa wani aka ba wa.

Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya sa takardar cikin gilashi ya rataye a shago, duk wanda ya shigo sai ya nuna masa. Ni kam abin na ba ni haushi, domin kowa ya san a yankin nan ba kowane mai shigowa shago ne mai saye ba.

Bayan sati uku, da hantsi, wata baƙuwar lamba ta kira shi.

"Jatau mai miliyan sittin? Tsohonka na hannunmu. A gona munka ɗauko shi, bayan Bilbis."

Jatau ya ce, "Wallahi ƙarya ce na rubuta, ba ni da su!"

Muryar ta yi dariya. "Da hatimin hukuma? Mu za ka yi ma ƙarya?"

Ya sayar da shago da babur da filin matarsa, ya kai musu kuɗin fansa. Kwana arba'in da ɗaya aka yi kafin a sako tsohon, ƙafafunsa a kumbure.

Jatau ya durƙusa gabansa yana kuka. Tsohon ya dube shi ya ce, "Sun nuna min hoton takardar, Jatau. Ashe kana da wanga arziki, kab bar ni ina noma da hauya?"

Darasi: Ka rubuta gaskiyar abin da ka samu, ka cire abin da doka ta yarda ka cire, sannan ka adana takardarka a gida. Ƙaryar da ka sa wa hannu, ranar da ka ƙaryata ta ba mai yarda da kai. Ku tura wa 'yan kasuwar da kuka sani.