Ashe Wayar Take Yi Wa Murmushi

Auta mace ce mai zafin nama da iya hidima, amma tana da ciwo guda: ba ta iya yin alheri sai da 'yan kallo. Ko ruwa ta miƙa wa mai ƙishi, sai ta waiga ta ga wa ya gani. Tana aiki a shagon gyaran gashi, kuma babban burinta shi ne mabiyanta a waya su yi yawa.

Gwaggonta ce ta raine ta tun rasuwar mahaifinta. Tsohuwar shugabar makaranta ce, mai kamun kai, wadda ko ɗankwalinta ba a taɓa ganin ya karkace ba. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da ita, 'ya'yanta biyu suna aiki a nesa. Suka so ɗaukar mai jinya, Auta ta hana.

"Ina raye bare ya taɓa Gwaggo? Allah ya kiyaye!"

Kullum da safe sai ta zo, ta jingina wayarta a jikin kwalbar magani, ta ce don ta riƙa ganin lokaci ne. Ta goge wa Gwaggo baki, ta ba ta abinci a cokali, ta matsa mata ƙafa, tana ta murmushi. Gwaggo kuwa, da harshenta da ya yi nauyi, ba ta gajiya da sa albarka.

Tana fita sai ta saki bidiyon da wayar ta ɗauka a ɓoye. Kafin wata uku an san ta ko'ina, ana kiranta 'yar Aljanna, shagonsu ya cika da mata masu son ganinta. In zuciyarta ta tsungule ta, sai ta ce, "Ai ba ƙarya nake ba, jinyar ina yin ta." Sai dai ranar da waya ba caji, cokali uku ne ta tashi.

Wata rana tsohuwar ɗalibar Gwaggo ta zo dubiya, Auta tana wanke kwano a kicin.

"Malama, mun gan ki a waya, wallahi mun sha kuka," in ji matar, ta miƙa mata wayarta.

Gwaggo ta ga kanta ba ɗankwali, yawu na bin haɓarta, ana tura mata cokali kamar jaririya. A ƙasa an rubuta: "'Ya'yanta sun gudu sun bar ta, ni kaɗai na rage mata."

Auta ta dawo ɗakin, ta hangi wayar a hannun Gwaggo.

"Gwaggo, don mutane su yi koyi ne..."

"Mutum nawa suka gani?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Dubu ɗari da wani abu."

Gwaggo ta daɗe tana kallonta, hawaye na gangarowa ta ɓarin da ba ya motsi.

"Shekara talatin ina koyarwa, ɗalibi bai taɓa ganin gashina ba. Ke da na goya kika tsiraita ni. Har 'ya'yana kika yi wa ƙazafi." Ta numfasa da ƙyar. "Kullum ina cewa yarinyar nan tana yi mini murmushi. Ashe wayar kike yi wa."

Bayan kwana biyu babban ɗan Gwaggo ya zo ya tafi da ita. Auta ta goge bidiyon duka, amma ruwan da ya zube a yashi ba ya kwasuwa, tuni wasu sun kwafa suna yaɗawa. Ta bi Gwaggo har can ta durƙusa. Gwaggo ta ce ta yafe, amma da Auta ta ɗauki cokali sai ta kawar da kai, ta kira surukarta.

Bayan wata huɗu Gwaggo ta rasu. Saƙonnin ta'aziyya suka cika wayar Auta, wata ma tana tambaya ko akwai hoton gawar. Auta ta kife wayar, ta zauna tana ƙoƙarin tuno safiya ɗaya tak da ta kalli idon Gwaggo tana ba ta abinci. Ba ta samu ba.

Darasin da ke nan shi ne, aiki yana bin niyyar mai shi. Wanda ya yi alheri don a gani, ya mayar da mabuƙaci tsani ne, kuma ran da mabuƙacin ya gane, ciwon ya fi na rashin taimakon. In za ka yi jinya, yi don mara lafiyar. In za ka taimaka, tambayi kanka: da babu mai kallo, zan yi?