Dattijon Da Ke Wancan Tsallaken

Akwai wani bakanike da ya wayi gari babu mahaifinsa. Kujerar da tsohon ke zama a ƙofar gareji tana nan, ba mai hawanta. An yi jana'iza, an tashi zaman makoki, bakaniken nan ko ɗigon hawaye bai yi ba. Abinci ma ci yake kamar yana tauna takarda.

Wasiyya ɗaya mahaifin ya bari. Yana saurayi aka kai su yaƙi shi da ƙaninsa. Ƙanin ya faɗi a bakin wata gadar katako, ba a samu ɗauko shi ba.

"Ku je ku tsaya a wurin ku yi masa addu'a," in ji mahaifin. "Ni ƙafata ba ta kai ni ba."

Sai bakanike da yayarsa suka hau mota zuwa garin da aka yi yaƙin. Suka tarar da tankokin yaƙi sun yi tsatsa, an zagaye ramukan sojoji da sarƙa, baƙi na ta ɗaukar hoto. Suka tambayi mai zagayawa da baƙi.

"Gadar katako? Ban taɓa jin ta ba. Akwai dai ta ƙarfe, ta fi kyau a hoto."

Suka tambaya har bakinsu ya bushe. Ba wanda ya sani.

Da la'asar suka biyo ta maƙabartar sojoji. Hanya ce ta raba ta biyu: nan mutanensu, can waɗanda suka yaƙe su. A tsakiyar hanyar ga wani dattijo a keken guragu, taya ɗaya ta karkace, ta ƙi juyawa. Jama'a na ratse shi suna wucewa.

"Auta, wuce," in ji Yaya. "Ba ka ga lambar da ke hularsa ba? Irinsu ne suka bar Baba da harsashi a cinya."

Bakanike bai ji tausayi ba, bai kuma ji ƙiyayya ba. Taya kawai ya gani.

"Yaya, noti ne ya kwance."

Ya durƙusa, ya zaro ƙaramar sifanar da ba ta barin aljihunsa, ya ɗaure.

"Allah ya yi albarka, ɗana," in ji dattijon. "Ni da keken nan gasa muke, a ga wanda zai riga wani lalacewa. Wa kuka zo gani?"

Bakanike ya gaya masa.

"Gadar katako," in ji dattijon. "Mu ne a wancan tsallaken. Mu muka ƙona ta."

"Kuma kake faɗa, ko kunya ba ka ji?" in ji Yaya.

"'Yata, kunya ta gama cin rabonta a jikina tuntuni. Saura tunawa. Ɗana, tura ni."

Ya tura shi. Suka bi ta bayan kasuwa, suka ɓullo wani filin ajiye motoci. Kogin ya tsuke ya koma kamar kwata. Cikin ciyawa ga kututture biyu, baƙi ƙirin.

"Ƙafafun gadar ke nan," in ji dattijon. "Naku suna daidai inda jar motar can take."

Suka tsaya kusa da jar motar suka ɗaga hannu. Dattijon ya cire hularsa ya ɗora a cinya, yana cewa amin. Bakanike ya jira hawaye, ba su zo ba. Ya dai ce a hankali, "Baba, mun zo."

Da za su koma, Yaya ce ta kama hannun keken.

"A hankali, 'yata, akwai rami."

"Na gani," ta ce.

Darasi: Kada ka duba hular mutum kafin ka miƙa masa hannu. Abin da ka rasa a wurin kowa, mai yiwuwa yana hannun wanda ka so ka wuce. Ku tura wa 'yan'uwa su karanta.

Ni ma bara na binne nawa mahaifin. Allah ya jiƙan iyayenmu, da duk wanda ya faɗi ba a san kabarinsa ba, na wannan tsallaken da na wancan. Ku taya ni da amin.