Ƙwaryar Ruwan Da Inna Zalika Ta Miƙa Wa Magajin Gari

Akwai wani magajin gari a yankin Tanut mai suna Alhaji Ila. Mutum ne mai son a ji muryarsa. Duk ƙarshen Disamba sai ya shiga gidan rediyon karkara, ya gyara zama, ya lissafo ayyukan da ya yi wa talakawa a shekara, har da waɗanda bai yi ba.

A jawabin bana, abin da ya fi tinƙaho da shi shi ne famfon Garin Aduwa. Ya ce matan ƙauyen sun huta da ɗibar ruwan tabki, kuma ya ji kukan jama'a ya share musu hawaye. Bayan ya gama sai aka sako muryar wata dattijuwa tana cewa sun gode, Allah ya saka wa magajin gari da alheri.

Muryar Inna Zalika ce, shugabar matan Garin Aduwa. A ranar da ta ji kanta a rediyo, dawowarta ke nan daga tabki, jakinta ɗauke da bido huɗu, wato jarkoki, na ruwa mai kalar kunun kanwa. Ji ta yi kamar ta nutse a ƙasa don kunya.

Ga yadda abin ya faru. An kafa tanki a kan ƙarafa, an shafa masa fenti, an ɗora farantan sola don jawo ruwa, an jera famfuna uku. Ranar buɗewa ruwa ya zubo fari tas, aka yi guɗa, aka miƙa wa Inna Zalika makirufo ta yi godiya da zuciya ɗaya. Kwana uku ruwan ya ɗauke. Sai daga baya aka gane ashe ba a ma kai ga ruwa a ƙasa ba, motar siterni mai dakon ruwa ce ta cika tankin ana gobe biki.

Abin da mata suka tsira da shi daga bikin rigunan da aka raba ne, masu hoton Alhaji Ila yana murmushi. Yadin yana da kauri, don haka da su ake tace ruwan tabki. Kullum fuskar magajin gari tana bakin randa tana tare laka da 'ya'yan kwaɗi, kuma a gaskiya wannan ne kaɗai aikin ruwan da ya taɓa yi wa ƙauyen.

Da abin ya tsaya a kunya, da da sauƙi. Amma akwai wata ƙungiya daga Damagaram da ta sa Garin Aduwa cikin ƙauyukan da za ta haƙa wa rijiyar burtsatse. Da jawabin magajin gari ya kai gare su, sai suka ce tunda ƙauyen ya samu ruwa, za a ba wani. Shekara huɗu matan suna jiran wannan rijiya.

Inna Zalika ta hau motar kasuwa ta je har wurin aikin magajin gari. Ya bar ta a benci tun hantsi har azahar. Da ta shiga ta faɗi abin da ya kawo ta, bai ko ɗago kai daga wayarsa ba.

"Inna, ba ke ce kika yi godiya a rediyo ba? Ko ni na buɗe miki baki?"

Ya ce ran Alhamis zai kawo ma'aikaciyar ƙungiyar, Madam Sakinatu, ta gani da idonta a rufe magana. Siterni za ta sake cika tanki, kuma duk wanda ya kunyata shi gaban baƙuwa, ƙauyensu ba zai ƙara ganin ko buhun gero na agaji ba. Ya sa ta yi alkawarin ba za ta ce komai a kansa ba. Ta yi, ta fito tana jin ƙyamar kanta fiye da yadda take jin tasa.

Ran Alhamis motoci biyu suka tsaya a ƙofar mai gari. An shimfiɗa tabarmi, tanki cike, famfuna suna ƙyalli. Alhaji Ila ya fito cikin farar shadda, yana ta yi wa Madam bayani da hannu biyu.

Kowa dai ya sani, a ƙasar Damargu, inda Tanut take, baƙo ba ya fara magana sai ya sha ruwa. Kuma shugabar mata ce ke kawowa. Inna Zalika ta shiga gida, ta tsaya a gaban randarta ta ɗan jima. Ta yi alkawarin yin shiru, amma ba ta yi alkawarin canza ruwan gidanta ba. Ta ɗebo ruwan tabkin cikin sabuwar ƙwarya, ta fito ta durƙusa gaban baƙi.

Madam Sakinatu ta leƙa ƙwaryar, ta ɗago ta dubi Inna, sannan ta dubi magajin gari.

Alhaji Ila ya yi dariyar yaƙe. Ya ce ai ruwan famfo ne, randunan mutanen ƙauye ne ba sa wankewa, amma lafiyarsa ƙalau.

"To bismilla, ranka ya daɗe," in ji Madam. "Kai ne babba, kai za ka fara."

Ya duba hagu ya duba dama, babu mai cetonsa. Ya karɓi ƙwaryar ya kai baki. Warin fitsarin shanu ya daki hancinsa, amma girman kai ya hana shi saukewa. Ya kurɓa sau ɗaya. Bai gama haɗiyewa ba ya dawo da shi har da abin karin safe, a gaban farar shaddarsa, a gaban mutanen da ya ce ya share wa hawaye.

Ba wanda ya yi dariya. Matan da ke tsaye suna kallonsa ne kawai, su da suke ba jariransu wannan ruwa kullum.

Madam ta ce a buɗe famfunan duka uku, kowace mace ta kawo bidonta. Ta zauna a tabarma ta ƙi tashi. Kafin la'asar tanki ya ƙafe, ga rana tana dukan farantan sola, amma ko ɗigo bai sake hawa ba. A lokacin nan Alhaji Ila ya daɗe da shigewa mota ya ɗaga gilashi.

Aka mayar da Garin Aduwa cikin jerin ƙungiyar. Gidan rediyo ya daina sako godiyar Inna Zalika, kuma Disambar da ta biyo baya ba a ji jawabin magajin gari ba, wai muryarsa ce ta dishe.

Bayan damina injin haƙa ya zo, ya yi kwana tara yana aiki, ruwa ya fito. Ranar buɗewa ɗan jaridar rediyo ya nufo Inna Zalika da makirufo, ya ce ta yi wa jama'a godiya kamar yadda ta saba.

Ta ture makirufon da bayan hannu. "Ɗana, ka dawo cikin bazara. In ka tarar yana zuba, zan yi."

Darasi: Shugaban da ya yi ƙarya a kan aikinsa yana iya toshe wa talaka taimakon gaskiya da ke tafe. Kada ka yaba aiki sai ka ga ya ɗore, kuma kada ka faɗa a jawabi abin da ba za ka iya sha a gaban mutane ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu riƙe da amanar jama'a.