Manomin da Ya Bar Sukari, Ya Riƙe Kitse

Akwai wani mutum manomi wanda ciwon sukari ya kama. Da ya je asibiti, likita ta auna jininsa, ta ce masa, "Baba, ba sukari kaɗai ne ya hau ba. Kitsen da ke yawo cikin jini iri biyu ne, akwai mai mannewa a bangon jijiya, akwai mai share shi. Naka mai mannewar ya yi yawa, mai sharewar ya yi kaɗan. Jijiyar mai ciwon sukari kuwa ba ta da wuyar yin kauri, har hanyar jini ta ƙuntata. Ka riƙa shan maganinka, na sukari da na kitse, ka rage mai da kitse."

Mutumin ya koma gida, ya bar sukari sarai. Yakan sha shayinsa da ɗaci a gaban jama'a, suna ta yaba masa. Matarsa kuma ta rage mai a miya, ta daina soye-soye. Ita da yara suka koma cin abin da yake ci, don kada ransa ya biya.

Amma kowace ranar kasuwa yakan zagaya bayan rumfar mahauta, ya sa a zaɓo masa tsire mai kitse da soyayyen kayan ciki, ya ci, ya goge bakinsa. Maganin kitsen ma ya daina sha, gama ya ce a ransa, "Ai ba inda ke mini ciwo."

Ana nan, wata rana yana huɗa a gona, sai ƙirjinsa ya riƙe, garma ta suɓuce daga hannunsa. Aka kai shi asibiti. Likita ta duba jijiyar wuyansa da na'ura, ta ga ta yi kauri ƙwarai. Sai ta juya wajen matar, ta ce, "Mama, me kike dafa wa bawan Allahn nan?"

Matar ta sunkuyar da kai, hawaye suna zuba. Ta ce, "Likita, na yi iyakar ƙoƙarina. Wataƙila ni ce ban iya ba. Maigida, ka gafarce ni."

Da mutumin ya ji haka, kunya ta rufe shi, ya juya fuskarsa wajen bango. Can ya ce da ƙaramar murya, "Ba ita ba ce. Ni ne." Ya faɗi duk abin da yake yi. Sai matar ta gyara masa mayafi kawai. Wannan kuwa ya fi masa zafi da a ce faɗa ta yi. Ya warke, amma bai ƙara iya huɗa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, yawancinmu mun bar zunubin da mutane ke gani, mun riƙe wanda muke yi a ɓoye. Ɓoyayyen zunubi ba ya ciwo da fari. Kaɗan-kaɗan yake taruwa, har zuciya ta taurare, maganar Ubangiji ta rasa hanyar shiga. Ran da ya bayyana kuwa, sau da yawa marar laifi ne ke fara zubar da hawaye saboda mu. Kada ka jira ranar nan. Kunyar da ka kai gaban Allah da ƙafarka, gafara za ta haifa. Ka kai ta yau.